Hayaƙin da ke hawa ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya, tun da sauran gashi a tsakiyar kaina, wata ƙungiyar agaji ta ba mahaifiyata gida a kudancin Jidda, kusa da Madain Fahd. Gidajen rangwame ne da ake ba tsofaffi da matan da mazansu suka rasu: ɗaki biyu, da kicin ɗin da in ka yi atishawa sai ka bugi bango. Ni ina aikin sito a Madinar Masana'antu, in na tashi sai na biya ta wajenta. Sharaɗin gidan kowa ya san shi. Ba a shan taba a ciki, wanda aka kama kuma ya tattara kayansa.

A ɗakin da ke ƙasa da nata akwai wani dattijo, aminin marigayi mahaifina. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ammi muke ce masa, wato baffa da Larabci. Ba mata, ba ɗa, sai sigari. A ganinsa kuma bai taɓa karya doka ba, don in zai sha sai ya zura kai ta taga cikin manwar, ramin nan na tsakiyar bene da tagogi ke buɗewa cikinsa. Shi a wajensa nan waje ne. Ita kuwa mahaifiyata sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na tayar mata da ciwon gwiwa, saboda haka tagarta ta manwar a buɗe take wuni.

Tari ya fara mata kaɗan-kaɗan. Ranar da na ji warin taba a jikin hijabinta na ce, "Inna, yaushe kika fara ba labari? Ki faɗi irin wadda kike so in riƙa sayo miki kwali-kwali."

Ba ta yi dariya ba. Na leƙa tagar, na gane.

"Gobe zan gaya wa mushrif," na ce, wato mai kula da gidan.

"Ka kai ƙarar mutumin da ya wanke ubanka? In sun kore shi, gidanka zai koma?"

"To bari in yi masa magana."

"Da wane bakin? Halas, shi ke nan, na kashe zancen nan."

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, duk ranar da mushrif zai zagayo, sai ta cika kasko da turaren wuta, ta turara ɗakinta, ta turara matakala har ƙofar Ammi, don kada hancinsa ya kamo komai. Har yabonta yake yi, wai duk benen babu mai tsafta kamar Hajiya. Hayaƙi kan hayaƙi take shaƙa, don rufin asirin maƙwabci.

Wata la'asar na same ta zaune kan darduma, ta dafe ƙirji, ta kasa amsa sallamata. A asibiti likita ya saurari bayanta ya ce, "Wa ke shan taba a gidan?" Ta janye robar iskar da aka sa mata daga bakinta ta ce, "Babu." Sannan ta yi mini kallon da na sani tun ina yaro.

Da aka sallamo ta, Ammi ya hawo dubiya, da sandarsa da ledar lemo. Na ba shi kujerar da ke gefen taga. Ya jawo matashin kai zai jingina, sai ya tsaya, ya kai shi hanci. Ya juyo kaina, ido jawur.

"Kai ya walad, kai yaron nan! Taba kake sha a ɗakin uwarka, tana wannan hali? Ba ka tsoron Allah?"

Har ya ɗaga sanda. Na buɗe tagar na ce, "Ammi, leƙa ƙasa."

Gwangwanin da yake kashe sigari yana nan a bakin tagarsa, daidai ƙarƙashinmu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Hajiya, tun yaushe?"

"Ba komai, Alhaji."

"Na ce tun yaushe?"

"Tun da muka tare."

Ya sauke sandar a hankali. Ya sauka yana dafa bango.

Bai daina taba ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma daga ranar sai ya tsallaka titi, ya tsaya jikin wata katanga cikin ranar Jidda da ke iya dafa ƙwai a aljihu. Mahaifiyata kuwa ta yi fushi da ni sosai, wai na kunyata babba a ɗakinta. Ƙirjinta bai koma daidai ba. Ta ƙara wasu shekaru, kullum da abin shaƙa a ƙarƙashin matashi.

Dukansu sun rasu yanzu, Allah Ya jiƙansu. Mutanen kirki biyu, ɗaya yana cutar da ɗaya bai sani ba, ɗayar tana ɓoye masa don girmamawa, kuma da huhunta ta biya. Har yau ban iya yanke hukunci a kan kunyar nan tamu ba.

Maganar farko da ta yi mini bayan fushin, tana kallon Ammi a tsallaken titi ta tagar falo ta yi ta. "Yalla, maza ɗauki kujerar nan ka kai masa. Tsoho ne, ba zai iya tsayuwa ba."