Tsohuwar Kawu Sule Ba Ta Cin Mai Zafi

Ku da kuka san Kawu Sule kun san ba a miƙa masa abu ya karɓa haka kawai. Sai ya murza shi a tsakanin yatsu, ya ɗaga shi wajen haske, ya kai kunne ya girgiza. Dabino ne, ƙwai ne, lemun tsami ne, duk ɗaya. Da azumi a gidanmu na unguwar Waziriyya a Jidda sai kowa ya sha ruwa, ana shirin tayar da Magariba, shi yana nan yana tantance dabino uku. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai duk ciki za su." Ya ce, "To shi cikin ba shi da hakki ne?" Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na zauna ina ɗinki shekara da shekaru, kuma na daɗe kafin na gane inda ya samo wannan hali.

A gida Najeriya, Kawu mai kula da ɗakin makamai ne a aikin ɗan sanda. Ya zo aikin hajji a shekarun saba'in, ya ga Ka'aba, ya ce shi kam ya iso. Burinsa ɗaya tak a duniya: ya mutu a ƙasar nan, a sallace shi a Harami. Ba shi da takardar zama, sai ya shiga aikin ban ruwa a gonar wani dattijo ɗan unguwar Ruwais, Shehi Hamza, can bayan gari. Shehin yana da wata tsohuwar ƙaramar bindiga ta harbin takarda, mai izini, mai mariƙin katako, wadda ya saya tun yana saurayi. Wata Alhamis Kawu yana jan tiyo ya ji tana harbi ɗaya tana sarƙewa, Shehi yana ta zaginta. Ya ajiye tiyon, ya matsa da ɗan Larabcinsa na lokacin, ya tsinci kwanson harsashi a ƙasa, ya murza, ya shinshina.

"Ya Shehi, ba laifinta ba ne. Abincin ne bai karɓe ta ba."

"Kai mai ban ruwa ne ko likita?"

"Na bishiya mai ban ruwa, nata likita."

Kafin wata ya ƙare Shehi Hamza ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa wajen hukuma, ya yi masa iƙama, katin izinin zama a ƙasar, ya damƙa masa makullin akwatin bindigar. Daga ranar sunanta ya koma Tsohuwa.

Tsarinsa bai taɓa canzawa ba. In an sayo harsashi, sai ya zube kwalin a kan farantin gilashi, ya gangara su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ɗingishi, gefe. Wanda dalmar kansa ta ƙwarzane, gefe. Sannan Shehi ya harba biyar daga kowane kwali, Kawu ya ɗauko takardar ya duba waɗanne biyar ne suka fi haɗa kai. A cewarsa bindiga ce ke zaɓar harsashinta, naka kawai ka saurara. Kuma ita Tsohuwa mai sanyi take ci, mai tafiya a hankali, don mai zafi yana dukan ƙarfen da ke ja da baya, wata rana ya tsage, kuma irinsa an daina ƙerawa.

Wani mai kanti a Aziziyya ya taɓa yi masa tallar sabon samfuri. "Ya Hajji, wannan ya fi wancan gudu nesa ba kusa ba." Kawu ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Gudu zuwa ina? Takarda za ta huda. Ka taɓa ganin takarda ta ruga?"

Ga kuma tsimi. Kwanso ko ɗaya ba ya bari a ƙasa. Da ya rasa abin yi da su sai ya kawo mini, wai in riƙa ɗaura su a bakin tazugen wandunansa don ya fi saurin zurawa. Haka ya riƙa yawo a Jidda yana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa, in ya yi ruku'u sahu guda ya san Kawu Sule ya iso. Na ce masa ana dariya fa. Ya ce masu dariyar su ne kullum tazugensu ke shigewa.

Da Shehi Hamza ya rasu, iƙamar Kawu ta koma hannun ɗan Shehin, Walid, wanda a gaban Kawu ya girma yana ce masa Ammi, wato Baffa. Walid ba mugu ba ne, gaggawa ce da shi. Ya gayyaci abokansa gona, ya zo da kwalin harsashi mai zafi, ya ce, "Yalla ya Ammi, ɗura mata." Kawu ya murza ɗaya, ya mayar.

"Ba ta cin wannan."

"Bindigar ubana ce, yanzu tawa ce."

"Taka ce. Amma ba ta cin wannan."

Abokan suka fara murmushi, Walid ya ji kunya, ya faɗi maganar da ba a faɗa wa tsoho: ya tuna masa cewa iƙamarsa saura wata biyu, kuma sa hannu ɗaya ya isa a mayar da mutum ƙasarsa. Kawu ya zaro makullin, ya zaro iƙamar daga aljihun gaba, ya ɗora su a kan akwatin. Ya ce, "Ga su duka biyu. Da hannuna dai ba zan sa mata ba." Ya tako har bakin titi ya hau motar haya.

Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce, "Kawu, shekara talatin kana roƙon Allah kabari a nan, za ka yar da shi saboda ƙarfe?" Ya ce, "Ladidi, mutumin da ya ba ni makullin nan ya mutu. Mai rai in ka saɓa masa ka ba shi haƙuri. Shi kuwa a ina zan same shi?" Sai ya ce in wanke masa kayansa in shirya jaka. Ina ninke wandunan, kwansunan suna ƙara, ina kuka. Har yau ban gama yanke hukunci ba ko taurin kai ne ko riƙon amana. Wataƙila a wajensa ba a raba su.

Kwana tara jakar na bakin ƙofa. Ran na goma da hantsi wata doguwar mota ta cushe lungunmu, Walid ya fito rungume da akwatin. Ya yi sallama, Kawu ya amsa a taƙaice yana kallon hannunsa.

"Ka harba?"

"Ɗaya kawai, ya Ammi. Wallahi muryarta ta canza. Tun ina yaro nake jin ta, ba haka take magana ba. Sai na ji kamar na ɗaga wa babana murya."

Kawu bai ce masa zauna ba. Ya buɗe akwatin, ya kwance ta a kan teburin ɗinkina, ya ɗaga kowane ƙarfe wajen haske, mu muna tsaye kamar masu jiran likita. Can ya ce, "Ta yafe." Sannan ya juyo ya ce in kawo wa baƙo shayi. Walid ya ajiye iƙamar, an sabunta ta, tare da kwali uku na mai sanyi, ya ce, "Halas, shi ke nan, zaɓa mata." Kawu ya murza iƙamar ita ma, ya ɗaga ta wajen haske, kafin ya sa a aljihu.

Shekara huɗu ya ƙara. Da ya rasu, Walid ne ya yi zirga-zirgar takardu, ya sa aka kai shi Makka, ya kama makara da kafaɗarsa aka shiga Harami. Da ya zo mini ta'aziyya ya faɗa mini abin da ban sani ba: a duk shekarun nan Kawu bai taɓa harba Tsohuwa ba, ko sau ɗaya. Shehi ya sha miƙa masa, sai Kawu ya ce an ba shi ita ne ya kula, ba a ba shi ya ji daɗi ba.

Ya Allah, bawanka Sule ya riƙe abin da aka damƙa masa har ya kusa rasa abin da ya fi so. Ka riƙe shi da sauƙi, Ka yi masa hisabi mai sanyi, Ka sa ƙasar da ya zaɓa ta karɓe shi. Amin.