Ƙwaryar Ruwan da Kawu Idi Ya Sha

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna Idi mai goro, ƙanen mahaifiyata. Har yau in motar jam'iyya ta ratso Zongo da lasifikarta, kowa ya toshe kunne, shi nake tunawa. Da yana raye, murmushi zai yi ya ce a jira su gaji.

Lokacin da muka dawo sabon Zongo a arewacin Lome, babban birnin Togo, rijiya ɗaya muka dogara da ita, a filin wani dattijo ɗan ƙabilar Ewe. Ragunanmu suka yi masa ɓarna a gonar rogo, ya fusata ya rufe rijiyar da kwanon rufi. Matanmu suka shiga uku da neman ruwa.

Aka tashi wakilai zuwa wurin dattijon, ni da Kawu muna cikinsu. Alhaji Sani ne a gaba, mai jan taken jam'iyya a taro, murya kamar ganga. Al'adar Ewe ce a tari baƙo da ruwa, sai ya sha ake jin abin da ke tafe da shi. Aka miƙo ruwa a ƙwarya, Alhaji ko kallon ƙwaryar bai yi ba. Yana tsaye ya fara zuba, yana nuna yatsa, wai ruwa na Allah ne. Gaskiya ya faɗa fa, amma dattijon ya kau da kai.

Sai Kawu ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu ya sha, ya gai da dattijon da mutanen gidansa da yaren Mina da ake yi a garin, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙosa. Sannan a hankali, sai ka matso za ka ji, ya ce: "Baba, ragunanmu sun yi maka laifi. Ni ka shayar da ni. Yara na bari a gida, su ba su sha ba."

Kafin mu iso gida an ɗauke kwanon.

Yanzu muna da famfo, hayaniya kuma ta ƙaru. Amma ban fid da rai ba, don kwanan nan na ga 'yar Kawu tana sasanta rigima a kasuwa, ta zauna tukuna kafin ta buɗe baki.

Kawu bai bar gadon gida ba, shagonsa ma an sayar. Ranar da ya rasu dai, 'ya'yan dattijon nan suka yi sallama da bokitai a ka. Da ruwan rijiyar aka yi masa wanka. Allah ya jiƙanka, Kawu.