Kankanar Hadiza Mai Gulbi

A Cadakori na girma, a ɗakin kakata Iya Kulu. Idan kankana ta nuna, kawuna Idi mai kabu-kabu yakan biyo ta Gidan Rumji ya ɗauro mana dutsen ƙanƙara cikin buhu. Iya ta fasa kankana, ta dama jan a ƙwarya, ta farfasa ƙanƙarar a kai. Bayan sallar isha mu kewaye murhu da sauran garwashinsa, ludayi ɗaya yana zagayawa, haƙoranmu suna tsami. Sai ta gyara zama.

"Ga wata nan tahe gare ku."

"Ta iso mu ji ta, Iya!"

Akwai wata tatsuniya wadda ba ta cika ba mu ba, kuma idan tana ba da ita ba ta dariya. Labarin Hadiza ne, wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya da 'yar gona a bakin gulbi. Kankanar gonar nan, in ji Iya, ko yaro ya sha sai ya lashe gwiwar hannu. Ƙanen mijin, Ɗan Jimo, ya sa wa gonar ido. Ya tara dattawa ya ce mace ba ta riƙe ƙasar kakanni. Ranar da ya zo karɓa, 'yar ta rungume wata kankana tana kuka, ya fizge, ya mare ta har kunnenta ya toshe.

Hadiza ta shiga daji ta tara 'ya'yan kwartowa, wato kankanar jeji, mai kama da ta gida amma ɗacinta yana murɗa hanji. Kafin ta bar garin ta bi gonar ta shuka su lungu-lungu.

"Shi ko sakarai," Iya takan ce, tana nuna mu da ludayi, "da ya ga yaɗo ya rufe gona, sai ya kira surukai da maigari su zo su sha daɗi. Aka fasa, aka kai baki. Maigari bai kai bayan gida ba, a cikin rigarsa ya yi! Surukai suka kwashe ɗiyarsu. Kowace damina ya tuge, kowace damina ta tsiro. Har ya mutu ba a sake saye daga hannunsa ba."

Wata rana na ce, "Iya, ba ta ji tausayinsa ba?"

"Mi? Shi ya ji na yarinyar?" Ta kakkaɓe zane. "Ta ƙare nan. Ku tashi."

Sai ranar da ake yi wa Iya wankan gawa mahaifiyata ta gaya mini. Ta taɓa kunnen hagu na Iya, wanda duk rayuwarmu mun san ba ta ji da shi, ta ce, "Ga marin Ɗan Jimo nan."

Yanzu ina Gidan Rumji da firigo biyu. Ina tace ruwan kankana, in ƙulla a leda, ya daskare, 'yan lakol su taso daga makaranta su yi layi da tsakar rana. Malamai suna wa'azin yafiya, ina ji, ba na musu. Amma na daɗe da gane cewa Iya ba don mu yi dariya take ba mu labarin nan ba. So take a samu wanda zai riƙe shi.

Bara wani magidanci ya tsayar da amalanken jaki a ƙofata, cike da kankana. Na tambayi gonar, ya faɗa, ya ƙara da cewa shi jikan Ɗan Jimo ne. Ya yanka ɗaya, ja jawur, ya miƙo.

"Ɗanɗana, Hajiya. Zuma ce."

Na san zuma ce, ƙamshin ya gaya mini. Na dube shi da kyau.

"Kora jakinka," na ce. "Ba ma shan ta gonarmu daga hannun wani."