Rumbun Baba Nomau

Har gobe ban manta da ranar da na fara shiga gidan Baba Nomau ba, a wani ƙauye yamma da Bici, bayan an gama yankan dawa. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya. Ƙa'idar aikinmu ita ce, in babban asibiti ya sallami mai shanyewar ɓarin jiki, mu ke bin sa gida mu auna jininsa, mu ga ko yana motsa jiki yadda masu gashin ƙashi suka koya masa. Gaɓar da aka bari a kwance sandarewa take yi, in ta sandare kuma sai dai haƙuri.

Na tarar da tsohon a shimfiɗe kamar mai jego. 'Ya'yansa ƙarti sun hana shi komai, ko ruwa sai an kai masa baki. Na lanƙwasa gwiwarsa ta hagu, na ji ta fara tauri.

Na ce da Tanko, babban ɗansa, "Kuna tashinsa kuwa?"

"Haba Malama! Muna raye Baba zai wahala? Ai sai gari ya zage mu."

Na lallaɓi Baba ya gwada miƙewa, ya juya fuska bango. "'Yar nan, in tashi in je ina?"

Zan fita matarsa, Inna Lami, ta ja ni gefe. Ashe a gidan nan maigida kaɗai ke tsayawa bakin rumbu da safe ya ce ga damin da za a fitar na tuwo. Tun da ya kwanta Tanko ya karɓi aikin don tausayi, shi kuwa tsohon gani yake an gaje shi da ransa.

Da ƙyar Tanko ya yarda ya saki, yana cewa in Baba ya faɗi alhaki na wuyana. Muka kakkafa itace daga ƙofar ɗaki har rumbu don dafawa, na nuna wa Tanko yadda zai tare wa Baba ɓarin da ya shanye. Inna kuwa ta ce daga gobe ba ta ɗora tukunya sai maigida ya fitar da hatsi.

Da na koma, a tsakar gida na same shi, dafe da itace, yana jan ƙafa, yana balbale Tanko da faɗa wai za su cinye rumbu kafin damina. Wallahi ban taɓa jin masifar da ta yi mini daɗi haka ba.

Ku masu tasowa, ba sakaci ke kwantar da majinyatanmu ba, sau tari ƙauna ce. Kafin ku ce da mutum ya tashi, ku fara binciko abin da aka karɓe masa a gidansa.