Haƙorin Baffa

Ni kam a jarrabawar takarda ba a taɓa kayar da ni ba. Inda nake shan wuya shi ne gaban majiyyaci. Farfesar da ke koya mana cire haƙori, wata dattijuwa 'yar kudu, kullum faɗanta ɗaya: ina kallon baki, ba na kallon mai bakin. Ta ce in na sake faɗuwa a jarrabawar aiki, sai na maimaita shekara.

Kowane ɗalibi shi zai nemo majiyyacinsa. Ana cikin haka sai ga Baffa, yayan mahaifina da ya riƙe ni a rugarmu ta wajen Doguwa. Ya biyo motar shanu daga kasuwar Tudun Wada zuwa kudu inda nake karatu, kumatunsa suntum. Turmin haƙorinsa ne ya ruɓe. Na ce alhamdu lillahi, majiyyaci ya kawo kansa.

Ranar jarrabawa na zaunar da shi, na yi masa allurar kashe zafi, na jira. Da na taɓa dasashin, Farfesa ta ce in tambaye shi, don ba ta jin Hausa.

"Baffa, akwai zafi?"

"Babu," in ji shi.

Na fassara mata. Ta ce in ci gaba. Na kama haƙorin da awartaki na ɗan girgiza shi, sai idona ya faɗa kan ƙafarsa. Yatsun sun dunƙule cikin takalmin roba, gumi na bin wuyansa, fuska kuwa ko gezau. Wayyo Allah! Ruɓar ta hana allurar kamawa. Na san mutanenmu sarai. Dattijon Bafulatani ya ce wash a gaban ɗan da ya yi rainonsa, ga kuma mace tsaye a kansa? Gara masa ya suma a kujerar.

Na rasa ta yi. In na ci gaba, na ci jarrabawa, amma ɗanye zan fizge shi. In na ce mata yana jin zafi, za ta sa in sake tambayarsa, ya sake cewa babu, kuma zai gane na tona shi. Wallahi ji na yi kamar in ajiye komai in fita da gudu.

Na ajiye awartakin na ce da Turanci, "Ban sa allurar daidai ba, zan sake." Na juya na faɗa wa Baffa haka da Hausa. Farfesa ta dube ni, ta dubi mutumin da ya ce babu zafi, ta yi rubutu. Allura ta biyu ta kama, haƙori ya fita lafiya. Ni kuma na maimaita shekara, don na amsa da bakina cewa na yi kuskure.

Da na koma gida hutu, na tarar labari ya riga ni. Muna zaune da dattawa bayan la'asar, wani ya ce shi ma haƙori na damunsa, ko zan duba masa. Baffa ya ɗaga hannu.

"A'a, ka bari ya ƙware tukuna. Yaron nan ko allura bai iya ba, sai da ya soke ni sau biyu. Ni dai na yi haƙuri da shi."

Aka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baffa."