Farfesan Tsintsiya da Ledar Dakta

Maƙwabcinmu Baba Mai Ganga ya shekara talatin yana ɗaure ganguna kafin ƙugunsa ya ce ya gaji. Sai ya koma shara a wani ɗakin bincike, mu kuwa muka ƙara masa girma, muna kiransa Farfesan Tsintsiya.

A can akwai wata Dakta mai fama da wata leda mara kauri kamar ɓawon albasa, wadda in ta girgiza sai ta ba da ɗan lantarki. Da ita ake son haɗa na'urar jin sauti. Wata biyu ana ɗaura ta a zoben ƙarfe, amma layin da ke kwamfuta sai tsalle yake kamar an taka masa wutsiya.

Ran nan Baba ya ƙyasta ledar da farce, ya kasa kunne, ya yi tsaki. Ya sassauta kusoshin zoben, ya sake ɗaure su irin na ganga: wannan kaɗan, sai wanda ke fuskantarsa kaɗan.

Dakta ta ritsa shi. "Baba, wa ya aike ka? Ajiye tsintsiyar nan, aikinka ya ƙare!"

"'Yata, kunna na'urar tukuna. Kun ja gefe ɗaya, kun bar ɗayan yana barci."

Ta kunna don ta ƙure shi. Layi ya hau ya sauka sumul, kamar an zana.

Tsintsiya kam ya ajiye ta, amma farar rigar masu bincike aka ba shi. Yanzu in ya wuce da safe, Farfesan kawai muke iya faɗi. Tsintsiyar ta maƙale mana a wuya.