Mai Rubuta Jana'izar 'Yan Riyadh

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Rabi'u, direban da muka yi zaman ɗaki ɗaya a unguwar Utaiqa ta Riyadh, kuma har yau gardamarmu ba ta mutu ba. Ni mutumin jarida da rediyo ne. Shi kuwa ya buɗe bulog, wato shafin rubutu a intanet, na ce masa yayi ne, zai wuce yadda wando mai faɗin ƙafa ya wuce.

Sai ya yi dariya ya ce, "Malam Hadi, jaridar taka ta taɓa buga mutuwar direba a Riyadh?"

Sai haushi ya kama ni. A nan garin ba a rubuta suna a kan kabari. A sallaci mutum bayan la'asar, a rufe shi, gobe ko wanda ya haƙa ramin ba zai nuna maka wurin ba. 'Yan uwa a gida sai dai su ji ƙishin-ƙishin. Wannan ne ya tsaya wa Rabi'u a rai. Duk Bahaushen da ya rasu, birkila ne ko nas, mai iƙama ko wanda takardar zaman tasa ta ƙare, sai ya bi sawu ya rubuta garinsu, da masallacin da aka sallace shi, da waɗanda suka yi masa wanka. Yana jiran maigidansa a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, yana latsa waya da babban yatsa kamar mai ɓare gyaɗa.

Yanzu fa kowa ɗan jarida ne. Kafin a rufe wa mamaci ido, hotonsa ya zagaye zaurukan waya, wani lokacin ma yana nan da ransa yana shan shayi. Ina so in san me Rabi'u zai ce. Zai yi murna labari ya daina jiran edita? Ko zai yi tsaki, shi da ba ya rubuta rasuwa sai ya ga gawar da idonsa? Na fi zaton zai yi duka biyun, don mutumin akwai taurin kai.

Da masu bulog suka watse, na ɗauka ni na ci gardama. Sai watan jiya wata mata ta kira ni daga Gusau, Hajiya Ladi. Ta ga lambata a ƙarƙashin wani tsohon rubutun Rabi'u. Mahaifinta ya zo aikin gini ya daina waya, suka yi shekaru ba su san ko su yi zaman makoki ba. A shafin nan da kowa ya manta da shi ta karanta cewa an sallace shi, har da sunan wanda ya saka shi a kabari. Tana kuka ta ce in yi wa mai shafin godiya.

Na ce, "Hajiya, ai ya rasu."

Ta yi salati, sannan ta ce, "To shi wa ya rubuta nasa?"

Wallahi babu kowa. Shi kaɗai ya san mabuɗin shafin, ya tafi da abinsa. Yayi ne ko ba yayi ba, wannan na bar wa masana, ni dai na ga abin da ya saura: mace guda ta samu ta yi wa ubanta addu'ar mamaci.

Saboda haka, edita, ara mini layi biyu. Rabi'u mutumin Funtuwa ne. Ni da wasu direbobi muka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar, sahu ya cika har waje. Na ga gawar da idona. Allah ya jiƙanka, aboki.